Keken da Ya Hau Gaban Mota

Daga Kazaure

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina gaida maigidanki, ina shafa kan yaran. Da fatan kun tashi lafiya, da fatan ɗaure kaya bai kayar da ke ba. Allah ya sa wannan tashi naku zuwa Fatakwal ya zama na alheri, ya tsare ku a hanya, ya tsare ku a masauki, ya haɗa ku da maƙwabta masu tsoronsa.

Na san za ki yi mamaki, muna gari ɗaya amma na aiko miki da takarda. Dalili kuwa, na san halinki, don irin nawa ne sak. Idan na zaunar da ke na fara magana, za ki sunkuyar da kai kina "to Inna, to Inna," kafin ki kai zaure kin zubar da rabi. Wannan kuwa kya karanta ki sake karantawa. Ki yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan masu hawa da gangara, idon ne. Tun bara na daina ganin kafar allura, shi ya sa ma na ce a kai miki keken ɗinkina ki tafi da shi.

To maganar keken nan ce ta hana ni sukuni. Ranar da kika zo kika ba ni labari, har kina dariya, cewa akawun kamfanin kwasar kaya ya zo daga Kano, ya zagaya ɗakunanku, ya ce inshorarsu iri biyu ce. Ta farko kyauta ce, tana cikin kuɗin mota: in abu ya lalace, a sikeli za su ɗora shi su biya gwargwadon nauyinsa. Ta biyu sai an ƙara kuɗi: ku faɗi darajar kayanku a rubuta, in wani ya lalace su gyara shi ko su sayo irinsa. Kika ce maigidanki ya ce, "Allah ya kiyaye, mu ba ma fatan ɓarna, a bar mu a ta farkon." Na tambaye ki, ke me kika ce? Kika ce, "Ni me zan ce, Inna, a gaban baƙo?"

Wallahi Uwani, da kika faɗi haka sai na ji kamar muryata ce ta dawo mini daga baya. Ban ce miki komai ba a lokacin don yara suna wurin, amma tuwon ranar bai ciwu ba.

Ki tsaya ki yi tunanin wannan biyan na sikeli. Me ya fi nauyi a gidanki? Turmi da dutsen niƙa. Yaushe rabon da ki ji an ce dutsen niƙa ya fashe a mota? Abin da ba ya lalacewa shi za su biya da kyau. Keke kuwa, a sikeli ƙarfe ne kawai, da shi da tsohuwar garma kuɗinsu ɗaya. In suka karya shi, abin da za su miƙo miki ko zare ba zai saya ba. Ni ba zan tari surukina da wannan magana ba, ba a haka, kuma yaro ne mai ladabi, ban taɓa ganin aibunsa ba. Ke ce tawa, ke zan gaya wa. Sau uku ina tafka kuskure a kan kwasar kaya, bari in jera miki su ki ɗauka a ɓagas.

Kin san aikin marigayi babanku, Allah ya jiƙansa, malamin dabbobi ne, yau a tura shi nan gobe can. Shekarar da aka sami 'yancin kai aka fara ɗaga mu daga Kazaure zuwa Roni. Kina ƙarama, ba za ki tuna ba. Jakuna muka ɗauka, na wani dattijo Malam Tanko. Kayan ɗakina kaf aka ɗora musu, har da jeren ƙoren da mahaifiyata, wadda kika ci sunanta, ta tara mini tun ina budurwa, da 'yan kwanukan tangaran ɗin da ba na bari kowa ya taɓa. A cikin duwatsun nan na hanya wani jaki ya zame ya zube da kayansa. Ni ban gani ba, muna gaba.

Da aka sauke kaya, Malam Tanko ya tsaya a zaure ya ce a gaya wa matar Malam an ɗan yi tsautsayi, ƙwarya ta tsage. Ni kuma, sarkin kirki, ina daga ciki na ɗaga murya na ce, "Haba, ba komai! Na yafe duniya da lahira." Ya yi godiya, ya sa albarka, ya kaɗa jakunansa. Washegari na kwance ɗauri. Uwani, ba ƙwarya ce ta tsage ba, jeren ne gaba ɗaya ya zama sakaina, tangaran kuwa sai da tsintsiya na kwashe shi. Na zauna a tsakar ɗaki na yi kuka har na gode Allah. Babanku ya ce bari ya bi su. Na ce ya bi su ya ce me? Da bakina na yafe, kowa ya ji, kuma ba a janye yafiya.

Ban ce kada ki yi yafiya ba, yafiya halin kirki ce. Amma ki ga abu da idonki tukuna, sannan ki yafe shi in kin ga dama. A wurin kamfani kuwa, yafiyar ita ce sa hannu. Ranar da suka sauke muku kaya za su miƙo takarda su ce a sa hannu an karɓa lafiya, suna sauri, direba yana hura hon, rana tana faɗuwa. Ki bar shi ya hura. Ki ba su ruwa su sha, ki shimfiɗa musu tabarma, ki buɗe kayanki ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya sami rauni a rubuta shi a jikin takardar kafin kowa ya sa hannu.

A Roni na sayi kekena na farko. Saniyar da na gada wurin mahaifina na sayar na saye shi, sabo fil, mai ƙafa. Wata matar malamin asibiti ta koya mini, kafin shekara ta zagayo na fi ta, ita da kanta take faɗa. Rigunan yara, ɗan kwali, labule, rigar filo, kayan amare, duk gidanmu ake kawowa. Ban ƙara ce wa babanku ya ba ni kuɗin sabulu ba. In ina taka keken nan waƙa nake yi, ke kuma kina zaune a gindinsa kina tsince ƙyallaye kina yi wa 'yartsanarki zane.

Sai aka ce an mayar da mu Babura. Wani abokin babanku, Alhaji Bala, ɗan kasuwa, yana da babbar mota da za ta bi ta can da gishiri. Ya ce haba, Malam guda zai yi hayar mota ina raye? A zuba kayan a tawa, ko kwabo kada a bayar. Kowa ya yi ta sa masa albarka, har da ni.

Da safen tafiya Gwaggo Hajjo, ƙanwar mahaifin babanku, ta zo rakiya. Ina leƙe ta katanga na ga 'yan dako sun ɗauki kekena sun kwantar da shi a gefensa cikin bodin mota, suna shirin jibga buhuna a kusa. Na ce, "Gwaggo, in keken nan ya karye fa, wa zai biya?"

Ta zabura kamar na taka mata ƙafa. "Ke! Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Ana shirin hawa mota da 'ya'ya kina kiran karaya? Maza ki ce Allah ya kiyaye."

Na ce Allah ya kiyaye. Na ja bakina na tsuke.

Hanyar Babura a lokacin ba hanya ba ce, gargada ce da yashi. Buhunan gishiri suka yi ta gangarowa suna danne abin da ke ƙasa. Da muka isa aka ɗaga su, sai ga wuyan keken ya rabe gida biyu. Direban ya duba ya ce, "Ash! Allah ya mayar da alheri," ya karɓi goronsa ya ta da mota. Na dubi babanku, ya dube ni. Da muka shiga ciki ya ce, "Mutumin nan alfarma ya yi mana, bai karɓi komai ba. Da wane baki zan je in ce ya biya?" Kuma gaskiya ya faɗa. Wanda bai karɓi kuɗinki ba, bai ɗauki nauyin kayanki ba. Wannan inshorar kyautar da aka nuna muku, 'yar'uwar motar Alhaji Bala ce.

An kai kan keken wurin maƙeri, ya ce ba aikinsa ba ne. An kai shi Kano wurin masu walda, suka ce irin wannan ƙarfen ba ya kamuwa. Haka ya dawo ya zauna a ƙuryar ɗaki, ina ɗora masa fitila.

Wannan zaman na Babura kin tuna shi, don kin taɓa tambayata, bayan kin girma, wai me ya sa na cika faɗa a garin nan. To yau ga amsa. Mace da ta saba juya abinta, ta koma sai ta jira maigida ya dawo daga rugage ta ce masa gishiri ya ƙare, ashana ta ƙare. Babanku bai taɓa ɓata rai ba, Allah ya ba shi ladansa, amma albashin ba ya kai wata, ni kuma na san haka, sai na riƙa jin nauyin tambayarsa. Sallar farko a can da hannu na ɗinka miki riga. Kika fita wasa, hannun rigar ya ɓalle, yara suka yi ta tsokanarki wai 'yar tela da yagaggiyar riga. Kika shigo kina kuka. Na karɓi rigar na juya miki baya ina gyarawa don kada ki ga nawa idon. Ban ƙara yin waƙa a gidan nan ba sai da wani keken ya shigo.

Kuma ba a dare ɗaya ya shigo ba. Ƙuli-ƙuli na koma yi, da man gyaɗa, hannuna duk ya yi kanta. Na shiga adashi, na yi kiwon awaki. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, har na daina lissafi. Sai Allah ya kawo wani tela daga tsallaken iyaka zai koma gida, yana neman sayar da kekensa, ya ce shi sefa yake so. Babanku da kansa ya shiga kasuwa ya canjo. Wannan keken, shi ne wanda yake ɗakinki yanzu. Shi ya biya miki kuɗin littattafai, shi ya yi miki kayan ɗaki, shi ya riƙe gidan nan bayan rasuwar babanku ban miƙa wa kowa hannu ba.

Ba mu daɗe da samunsa ba takarda ta zo, an tura mu Gwiwa, ga damina ta kankama. Na ce wa babanku, "Malam, wannan karon hayar mota za mu yi, mu biya. Kuma ina da magana da direban kafin a ɗora ko tsinke."

Ya ce, "To ki faɗa mini in faɗa masa."

Na ce, "A'a Malam. Kai mai kara ne. Kafin ku gama gaisawa ka yafe masa abin da bai ma fasa ba tukuna. Ni zan faɗa, kuma a kira sarkin tasha ya zama shaida."

Ya ce, "Za ki sa a yi da ni a garin nan." Na ce a yi. Ya girgiza kai, ya sa hularsa ya tafi tasha. Kin ga, namiji in kin gaya masa magana a ɗaki, da ladabi, ba a gaban abokansa ba, kuma ya ga ba ki da niyyar janyewa, yakan ji.

Suka zo. Direban wani dogo ne, Ɗan'azumi, ga sarkin tasha, dattijo mai furfura, ga 'yan dako, ga maƙwabta sun taru ganin kwasar kaya. Na yafa mayafi na tsaya a bayan ƙyauren zaure. Muka gaisa. Na ce, "Malam direba, ga keken ɗinkina nan. In ya karye a motarka, wa zai biya?"

Ɗan'azumi ya ce, "Subhanallahi! Malama, tun da nake tuƙi ba a taɓa yi mini irin wannan fatan ba."

Na ce, "Ba fata nake maka ba, tambaya nake. Allah ya kai mu lafiya. Amma in ya karye, wa zai biya?"

Sai na ji sarkin tasha yana dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Ɗan'azumi, tambayarta a kan hanya take. Ko ka ɗauki lamunin keken a ƙara maka wani abu a kan kuɗin mota, ko ka ce ba ka ɗauka ta nemi wata motar. Zaɓi ɗaya." Ɗan'azumi ya yi ta ƙunƙuni, ya zagaya keken, ya tambayi nawa sabonsa yake a kanti, na faɗa masa. Ya yanka abin da za a ƙara, na ce na yarda. Sarkin tasha ya ce, "Jama'a kun ji. In keke ya karye, sabo ne a wuyan Ɗan'azumi."

To a nan ne na tafka na uku, ina tsaka da jin kaina. Sarkin tasha ya nuna wata adaka da sandarsa ya ce, "Wannan fa, Malama? Me ke ciki? A sa ta a lamunin?" Adakar nan kuwa cike take da turamen atamfa da yadudduka, jarin da na tara don in fara sana'a da shi a Gwiwa. Amma ga maƙwabta sun kasa kunne. Na ji tsoron baki, na ji kunyar a ce matar Malam tana nuna arziki. Sai na ce, irin yadda muke faɗa, "Af, ai 'yan tsummokara ne." Ya ce to, aka wuce.

Yanzu ki ji abin da lamuni yake yi wa hannun mutum. 'Yan dako suka nufi keken, sai Ɗan'azumi ya daka musu tsawa: "Kai! Kada wanda ya taɓa shi!" Da kansa ya kwance kan daga jikin ƙafar. Ƙafar ya ɗaure ta tsaye a jikin bodi, ya tokare ta da katifa. Kan kuwa ya ciro bargonsa na kwana ya naɗe shi, ya rungumo shi kamar jariri, ya buɗe gaban mota ya zaunar da shi a kujera ya ɗaure da igiya. Gaban motar mutum uku yake ci: shi, da ni da ke a cinyata, da babanku. Babanku ya zo zai hau, Ɗan'azumi ya ce, "Ranka ya daɗe, sai dai haƙuri, wuri ya cika."

Haka malamin dabbobi guda, da babbar rigarsa da lemarsa, ya hau can saman kaya ya zauna tare da awakina. Duk rugar da muka wuce sun san shi, sai ka ji ana ɗaga murya, "Sannu Malam! Lafiya kake sama?" Shi kuma yana ɗaga musu lema. Ina gaba ina danne dariya har cikina ya ƙulle.

Dab da Gwiwa akwai wani rafi da ake ratsawa. An yi ruwa a duwatsu, ya sauko. Ɗan'azumi ya duba ya ce zai wuce. Muna tsakiya ƙafar baya ta nutse a yashi, mota ta karkata, gefen bodi ya sha ruwa. Salati ya tashi ko'ina. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Amma kin san abin da Ɗan'azumi ya fara fitarwa? Ba ni ba, ba ke ba. Kan keken nan ya kwance ya ɗora a kansa, ya ratsa ruwa har ƙugu, ya kai shi tudu ya ajiye a kan busasshen dutse, sannan ya dawo ya ɗauke ki. Babanku ya sauko jiƙe sharkaf, lema ta tafi da ruwa. Ya dubi keken a bushe cikin bargo, ya dubi kansa, ya ce, "Ni ma da kin sa an yi mini lamunin nan." Har ya bar duniya in ya so tsokanata sai ya ce a gaida Hajiya mai gaban mota, yana nufin keken.

Adaka kuwa tana ɓangaren da ya nutse. Da na buɗe, atamfofin sun zuba a jikin juna, fari ya koma ja, ja ya koma abin da ba shi da suna. Na aika wa Ɗan'azumi. Ya ce, "A gaya wa Malama, a gaban sarkin tasha ta ce tsummokara ne. In tana so in biya kuɗin tsumma, zan biya." Ban ji haushinsa ba, ni na ba shi wannan amsar tun a Babura.

Saboda haka in akawun nan ya tambaye ki darajar abu, ki ajiye "ai ɗan abu ne" a gefe. Wannan maganar ta zaman biki ce, ba ta gaban mai rubutu ba. Abin da kika faɗa shi zai rubuta, abin da ya rubuta shi za su biya. Kuma kada ki faɗi kuɗin da na sayi keken a da. Tun da kuɗin man fetur ya shigo ƙasar nan komai ya yi tashin da ba ya saukowa. Ki aika a tambayo nawa sabonsa yake a kanti a yau, wannan za ki faɗa. Kada ki ƙara, don ƙarya ce, kada ki rage, don wauta ce.

Da labarin rafi ya kai kunnen Gwaggo Hajjo, cewa ta yi, "Ai na faɗa, bakin yarinyar nan ne." Allah ya jiƙanta, mace ce ta kirki, amma a nan ba ta yi daidai ba. Ranar da na yi shiru keke ya karye, ranar da na yi magana ya tsira. Ruwan nan kuwa Allah ya saukar da shi a duwatsu, bai jira jin ta bakina ba. Na san abin da ke ran maigidanki, tsoron nan ne da aka raine mu da shi duka, cewa ambaton ɓarna kiran ɓarna ne. Ki gaya masa a hankali: addu'a daban, sharaɗi daban. Mu roƙi Allah ya kiyaye, kuma mu san wanda zai biya. Wanda ya ce a rubuta sadaki ba fatan saki yake yi ba.

Ga yadda za ki yi. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki same shi ku biyu. Ki ce Inna ce ta roƙi alfarma a kan kekenta. Ƙarin kuɗin kuma kada ya dame shi, na san tashi yana cin aljihu. Tunkiyar nan mai baƙin kunne na sa an kai ta kasuwa, kuɗinta yana ƙulle cikin ƙyallen da ya zo da takardar nan. In ya isa a sa sauran kayanku masu rauni a ciki, madubi da kabad da rediyo, to madalla. In bai isa ba, a fara da keke.

Ranar da akawun ya dawo, ki yafa mayafinki ki fito, maigidanki yana wurin. Ki tambaye shi dalla-dalla, kada turancinsa ya ruɗe ki, ke ma kin yi makaranta. Lamunin nasu ya haɗa da ruwan sama? Ya haɗa da sata in sun tsaya a hanya? In ku kuka ɗaure kaya da hannunku za su biya, ko sai wanda yaransu suka ɗaure? In haka ne, ki bar su su ɗaure, ke ki tsaya a kansu. In an sami ɓarna, a ina ake kai kuka, can Fatakwal ko sai an dawo Kano, kuma zuwa yaushe suke saurara? Duk abin da ya amsa ki ce ya nuna miki inda aka rubuta, ya ba ku taku takardar, ki sa ta a jakar hannunki, ba cikin kayan da za su ɗauka ba. Sarkin tashar wannan zamani ke nan.

Sannan kafin su taɓa keken, ki zauna ki taka shi a gabansa, ki ɗinka ƙyalle ya gani da idonsa lafiya lau yake. In kun isa, kafin a sa hannu, ki sa a haɗa shi ki sake takawa. Za su ce kin cika fitina. Ni ma an faɗa mini, ga shi ban mutu ba.

Uwani, garin da za ki ba ki da uwa a can, ba ki da gwaggo, ba ki jin yarensu. Maigidanki zai fita tun safe ya bar ki da bango huɗu. Albashin kamfani yana da daɗi, amma nasa ne, kuma yau da gobe ta Allah ce. Keken nan shi zai kawo miki mata har ɗaki, shi zai sama miki ƙawaye, shi zai sa ki sayi abin da ranki yake so ba ki jira kowa ba. Ba na so ki yi irin zaman da na yi a Babura, ko na wata ɗaya. Idan kin ga ba za ki iya buɗe baki a gaban akawun nan ba, to ki sa a dawo mini da shi, ba zan yi fushi ba. Gara ya zauna a nan ina share masa ƙura da a ce ya karye a hanya a biya ki kuɗin garma. Amma na san za ki iya. Jinina ce ke, kunyar ce kawai irin tawa, ita kuma na nuna miki inda take kai mutum.

Tun ranar da aka fitar da shi ɗakin nan ya yi mini faɗi. Sawun ƙafafunsa yana nan a daɓe, ban bari an share ba. Da hantsi in na zauna a wurin, sai in ga ƙafata tana motsi ita kaɗai. Ba ƙorafi nake ba, da hannuna na ba ki, kuma da farin ciki.

Abu ɗaya nake roƙo. In kun isa kun huta, kada ki wahalar da kanki da doguwar wasiƙa, karatun yana ba ni wuya yanzu. Ki sami ɗan yadi ki yi mini ɗan kwali a keken, ki ba mai zuwa gida ya kawo. Ba sai na gani ba. Keken nan zarensa na ƙasa yakan ɗan ja fiye da na sama, tun yana hannun telan da ya sayar mini, kuma yatsana ya san wannan ɗinkin a cikin dubu. In na shafa bakin ɗan kwalin na ji shi, na san kun isa lafiya, na san ya isa lafiya, na kuma san 'yata ta buɗe bakinta.

Allah ya kai ku lafiya, ya sauke ku lafiya. Ya tsare gabanku da bayanku, ya tsare direban da zai ja ku da hannuwan da za su ɗauki kayanku. Allah ya yi miki albarka, ya yi wa maigidanki buɗi, ya raya mini jikokina. Ki shafa kansu, ki ce kakarsu tana nan tana jiran ɗan kwalinta.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Inna